Ranar da Taubashiyata Ta Gaishe Ni da Ladabi

Tun ina ƙarama Inna ke cewa bakina ya fi ni girma, kuma wata rana shi zai kai ni inda ba na so. Ban taɓa zaton korata zai sa a yi daga guruf ɗin ajinmu ba, ina uwar 'ya'ya, ina malamar firamare a Gummi, har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali.

Guruf ɗin na 'yan ajinmu ne na sakandaren 'yan mata. Aure da aiki sun watsa mu, wasu suna Anka, wasu Bukkuyum, mu kuma muna Gummi. Wadda ta tattaro mu a waya ita ce monitar ajinmu, wadda yanzu take aikin jinya a Anka. Har gobe Monita muke ce mata, kuma har gobe ba ta sauka daga muƙamin ba. Mace ce mai kirki, Allah ya sani, amma in ta ga mutum biyu suna dariya sai hannunta ya fara ƙaiƙayin rubuta sunayen masu surutu. Ita kaɗai ce adimin, don ta ce ba a sarki biyu a gari ɗaya.

A cikin guruf ɗin akwai taubashiyata, ɗiyar kawuna, yayan Inna. Inna Bafulatana ce, babana manomi ya auro ta daga rugarsu ta wajen Bukkuyum. Da lokacin makaranta ya yi, Inna ta matsa wa Kawu har ya kawo ɗiyarsa gidanmu, muka tashi tabarma ɗaya, muka yi aji ɗaya. Ita ɗiyar namiji ce, ni ɗiyar mace, don haka a al'ada ni baiwarta ce, kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Ni kuma 'Yar Ruga nake ce mata. Tun da muka yi wayo ban san ranar da muka haɗu muka gaisa kamar mutanen kirki ba. Ranar aurena cewa ta yi ango ya yi asarar sadaki, ranar da ta haihu ni kuma na leƙa jaririn na ce Allah ya taimake shi bai ɗauko ƙafafunta ba. Duk wanda ya san taubasantaka ya san ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Ita kaɗai ce Bafulatana a guruf ɗin, in ba a lissafa rabin jikina ba.

Da aka buɗe guruf sai muka samu sabon dandali. Kullum da safe, ina haɗa wa yara koko, sai waya ta yi ƙara, ga saƙon muryarta daga Bukkuyum:

"Salamu alaikum jama'a, ban da baiwata. Ke ɗiyar Haɓe, kin tashi ko ɗumamen jiya ya danne ki? Taho ki share mani gida, bayi ba su kwana har hantsi."

Ni kuma in ajiye ludayi in danna: "Jama'a ku taya ni murna, 'Yar Ruga ta gane inda ake taɓa waya. An ce jiya wuni ta yi tana tatsar ta, tana jiran nono shi fito."

Sai guruf ya kaure. 'Yan Gummi su goya mani baya, 'yan Bukkuyum su bi ta, 'yan Anka kuwa aikinsu zuga, su ce wa wannan "kin ji abin da ta ce maki?" su koma su ce wa waccan "wallahi ni ba a yi mani haka." Akwai wadda ta rantse mijinta ya hana ta kunna muryoyinmu yana cin abinci, don ya taɓa ƙwarewa da tuwo. Ita kanta Monita takan sa hoton dariya guda ɗaya tak, kamar mai ba da magani bisa ƙa'ida.

Sai zamani ya juya. Ba sai na tsaya dogon bayani ba, duk wanda ke wannan yanki ya san abin da ya same mu. Hanya ta zama sai da addu'a, gona mai nisa ta gagara zuwa, mutanen ƙauye suna shigowa gari da tabarmi a ka. Guruf ɗin da ake sanarwar suna da biki ya koma wurin jaje da "ku yi hattara."

A nan ne Hajiya mai turare ta samu aiki. 'Yar ajinmu ce, tana sayar da turaren wuta da humra a Anka. Ban ce ba ta da nata ciwon ba, an taɓa tare ƙanenta a hanya, ya sha wuya kafin ya dawo gida. Amma tun daga lokacin duk muryar da ta faɗo wayarta sai ta juye mana ita. Za ka ji wani mutum, ba a san sunansa ba, ba a san garinsu ba, ya yi sallama mai tsawo, ya yi salati, ya yi wa iyayenmu addu'a, sannan ya gyara murya ya yi wa Fulani kuɗin goro. Wai duk ɗaya suke, wai kada a sake a sayi nono, masu tallar nono su ne idon ɓarayi. A ƙarƙashi Hajiya ta rubuta, "Yadda aka turo mani, don mu kiyaye." Sannan ta ƙara da, "Amma ban da tamu, ita ai ta waye," ta sa hoton fure.

Wannan furen ya fi muryar ci mani rai. Taubashiyata kuwa ba ta taɓa tankawa ba. Washegari sai dai ka ji ta, "Ina baiwata?" kamar ba a yi komai ba.

Ni ce na kasa haƙuri. Wata rana Hajiya ta turo wata muryar ina tsakiyar duba littattafan yara, na ji jini ya hau mani kai, na danna na ce, "Hajiya, wanga mutum da kike ta kwaso muna, mijinki na ko bokanki? Kin taɓa ganin shi? To uwata Bahillata ta, ki faɗa mani garken wa ta kora. Ina ga hayaƙin turarenki ne ya hau maki kai."

Tabɗi! Kafin a tashi makaranta guruf ya kama da wuta. Wasu suka ce na yi daidai, wasu suka ce ban da kunya, Hajiya ta turo murya tana kuka tana cewa ita da alheri ta nufa. Daga nan magana ta bar Fulani ta koma kan wadda ta ƙi zuwa sunan wata, daga nan ta gangara har kan garin kwaki da sukarin da aka sace a ɗakin kwananmu muna aji biyu. Ashe mutane suna riƙe da abin nan a ciki duk shekarun nan! Wayata ta yi zafi har na ɗora ta bisa randa.

Da la'asar Monita ta kulle guruf, ya zama ita kaɗai ke iya magana. Ta turo murya irin wadda take yi mana a gaban aji in malami ya fita. Ta ce daga yau babu ambaton ƙabilar kowa, babu zagi, babu kiran wata da sunan dabba ko baiwa ko makamancin haka. Duk wadda ta karya, za ta cire ta, ko wace ce. Ta rufe da cewa, "Doka doka ta." Da ta buɗe guruf ni ce ta farko da na rubuta "Allah shi saka da alheri, Monita," don a zatona an gama da Hajiya.

Ita taubashiyata ba ta ji dokar ba, saboda a unguwarsu sai an hau bisa turmi ake samun sabis. Da safe sai ga ta garau: "Ina baiwata? Ɗiyar Haɓe, an lashe tukunya an ƙoshi?" Ni kuma hali zanen dutse, kafin hankalina ya iso bakina ya riga ya tafi: "Ga ni, Bahillatar daji, an kai ki mashaya ko tukuna?"

Ban ajiye wayar ba na ga rubutu ya fito, wai Monita ta cire ni. Taubashiyata ma an cire ta. Na kira Monita nan take.

"Ke Monita, hannunki ne ya zame?"

"Bai zame ba."

"Ba ki san taubashiyata ta ba? A gabanki ta zuba mani ruwa a katifa, ke kika rubuta sunanta!"

"Na sani sarai," in ji ta. "Amma in na ƙyale ku, gobe Hajiya ta ce ita ma wasa take, mi zan ce mata? Ga waɗanda aka ƙaro daga ɗaya ajin, ba su san ku ba, suna ganin kuna kiran juna bayi da shanu. Waya ba tsakar gida ba ta, ba a ganin haƙoran mai magana."

Na so in musa, na rasa ta inda zan kama, don maganarta da ƙamshin gaskiya. Sai na ce mata tun muna makaranta ba ta da daɗin sha'ani, na kashe.

Sharaɗin komawa shi ne kowace ta turo wa Monita muryar ban haƙuri, ta saurara, in ta gamsu ta sa a guruf. Tawa ta farko na ce ina ba jama'a haƙuri bisa kiran wata da na yi da abin da take. Monita ta dawo mani da ita kamar jarrabawar da aka faɗi. Ta biyu ta ce ana jin dariya a ciki. Sai da na tuna rasuwar kakata na samu muryar da ta karɓa.

Aka mayar da mu. Washegari taubashiyata ta rubuta, "Ina kwana 'yar'uwa, ya gida, ya yara?" Na zauna ina kallon rubutun nan. Na amsa, "Lafiya lau, ya naku?" Ta ce, "Alhamdu lillahi, Allah shi bar zumunci." Wallahi ji na yi kamar na tauna tsakuwa a cikin shinkafa. Monita kuwa ta sa mana hoton tafi, wai ga yadda ake so.

Hajiya fa ta bi doka sau da ƙafa. Ba ta ƙara ambaton sunan ƙabila ba. Muryoyin da take turowa yanzu "waɗancan mutanen" suke cewa, ko "masu sandar nan," ita kuma ta rubuta "kun dai gane." Na kai ƙara wurin Monita, ta ce in nuna mata inda aka zagi wani. Na sake saurare tun daga sallama har fatiha, babu zagi ko ɗaya, addu'a ce ma ta fi yawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Masu zagin juna don ƙauna an ɗaure masu baki, mai ƙiyayya da ladabi tana ta shan iska.

Maganar taubashiyata ta riƙa raguwa. Daga gaisuwa ta koma "Amin," daga "Amin" ta koma shiru. Ranar da Hajiya ta turo wata murya mai cewa ya kamata a hana matan waɗancan mutanen shiga kasuwa, ba a jima ba waya ta nuna taubashiyata ta fita daga guruf. Wata ta ce wataƙila data ce ta ƙare mata, kamar ƙarewar data na fitar da mutum. Hajiya ta rubuta, "Allah sarki, ai mun ce ban da ita."

Na kira taubashiyata. Ta ɗauka ta ce, "Salamu alaikum, Malama. An wuni lafiya?"

Malama! Ni! Matar da ta taɓa gaya wa ɗalibaina cewa sai da aka yi mani wankan rubutu kafin na iya ƙirga yatsuna. Na ce, "Ke 'Yar Ruga, aljanu sun shafe ki ne?" Ta ce, "Allah shi ba ki haƙuri, ina ɗan aiki. A gaida yara." Muka yi sallama kamar ma'aikatan ofis. Na tsorata ƙwarai, don ban taɓa sanin rayuwa ba tare da zagin yarinyar nan ba, kuma na ga alamar za ta tafi ta bar ni da gaisuwa.

Inna tana gefe tana tsinkar zogale, tun rasuwar Baba a wurina take zaune. Ta ce, "Da wa kike wagga gaisuwa awa kin je gidan surukai?"

Na ce da ɗiyar Kawu.

Ta tsayar da hannu. "Mi ya haɗa ku?"

Na ce babu komai, doka ce aka kafa a guruf. Sai da na sha wahala kafin ta gane mene ne guruf. Na ce kamar zaure ne a cikin waya. Ta tambayi wanda ya gina shi, da ko ana cire takalmi, da ko mazan mutane sun san matansu suna zama a ciki. Da na gama ta ce ita dai ba ta san wannan zaure ba, amma abin da ta sani, taubashi in ya gaishe ka da ladabi to ya sallame ka. Ta ci gaba da tsinkar zogalenta, can kuma ta ce, "Ko da yake an ɗan taɓa masu dabbobi kwanan baya."

Na ce nawa aka taɓa? Ta ce an dai ɗan taɓa. Matsalar Inna ke nan, fulako, kawaicin nan na Fulani. In gida ya ƙone ƙurmus cewa za ta yi hayaƙi ya ɗan yi yawa. Na sani, amma duk da haka na ɗauka 'yan maruƙa ne biyu ko uku.

Ana cikin haka bikin ɗiyar Monita ya taso a Anka. Aka fitar da anko a guruf, aka yi ta gardamar launi har Monita ta kusa sake kullewa. Ita da kanta ta kira taubashiyata ta gayyace ta, aka ce mata "in Allah ya yarda," wanda kowa ya san yana iya zama e, yana iya zama a'a. Muka bi motocin safe daga Gummi, kowa na jan carbi, ni kuwa ba hanyar ce kaɗai ke damuna ba. In ba ta zo ba, na san an gama. In kuma ta zo ta ce mani Malama a gaban mutane, gara ma ba ta zo ba.

Bayan azahar gida ya cika, 'yan ajinmu mun jeru bisa tabarmi cikin anko ɗaya, masu kiɗan ƙwarya suna ta yi, sai ga taubashiyata ta shigo da ƙwarya a ka an rufe da faifai. Ba ta cikin guruf lokacin da aka fitar da anko, don haka ita kaɗai ce da zane daban. Ta rame. Mata suka tashi suna gaishe ta irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwar da ta zo duba makaranta, "sannu da zuwa, sannu da hanya, sannu ƙwarai." Hajiya ta rungume ta tana cewa, "Ai ke ba ki cikinsu, kowa ya sani." Aka karɓi ƙwaryar aka ajiye gefen bango, babu wadda ta ɗaga faifan. Ta samu bakin tabarma kusa da inda aka tara takalma ta zauna. Ta dube ni ta ce, "Malama, an zo lafiya?"

Na waiwaya na ga Monita ta kafe ni da ido, irin kallon "kul." Sai na tuna nan tsakar gida ne, babu inda za ta danna ta cire ni. Na miƙe na riƙe ƙugu.

"Jama'a, wa ya bar ƙofa buɗe? Ga wata ta biyo warin dusa ta shigo. Ku janye takalmanku kar ta ɗauka ciyawa ta! Ke 'Yar Ruga, biki anka ce maki, ba mashaya ba. Dubi zanenki don Allah, awa an rataya tsumma ga kara."

Masu kiɗa suka tsaya. Dangin ango da ba su san mu ba suka saki baki, wata tsohuwa ta ce "a'uzu billahi." Monita ta dafe kai. Taubashiyata kuwa ta sunkuyar da kai tana kallon tabarma, na ce a raina shi ke nan, na ƙarasa kashe abin da ya rage.

Sai ta ɗago a hankali ta gyara mayafi.

"Monita," in ji ta, "ashe har bayi kika gayyato? Har da ɗinka mata anko? Kai, duniya ta lalace. Dube ta yadda ta cika shi, awa buhun gero da anka ɗaure a tsakiya."

Gidan nan ya fashe. Wata 'yar Bukkuyum ta rangaɗa guɗa, 'yan Anka suka koma sana'arsu ta zuga, wata tana bayyana wa tsohuwar nan cewa taubasai ne, tsohuwa ta ce, "Yo to! Ku ƙyale su mana." Ni kuwa ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Ta ce, "Baiwata, ɗauko ƙwaryar can ki durƙusa nan." Na ɗauko na durƙusa. Ta ɗaga faifai, fura ce da nono, man shanu yana yawo a sama. Ta dama, ta miƙo mani ludayi.

"Sha ki ji abin da ubanki bai taɓa nomawa ba. Amma ki sha a hankali, na saniya guda na. Da sunka zo sunka kore garken, ita kaɗai sunka bari, don gurguwa ta, ga ci, ga taurin kai, ga baki ba shi rufuwa. Ko ɓarayi ba su so ta ba. Shi ya sa na sa mata sunanki."

Dariya ta taso, ta kai rabi, ta tsaya. Na ga mata suna duban juna. Ludayi yana hannuna, hawaye na zuba a ciki, na san kuma in na yi shiru na faɗi, don haka na kurɓa na ce, "Shi ya sa nonon ya yi albarka."

Monita ta matso ta ce, "Duka?"

"Duka, har na gadon babana."

"Yaushe?"

"Bayan dokarki da kaɗan."

"Kuma ba ki faɗa muna ba?"

Ta ce, "A ina zan sa ta? In an ce ya gida, lafiya lau ake cewa."

Monita ta karɓi ludayin daga hannuna ta sha, ta miƙa wa ta kusa da ita. Haka ya zagaya tabarmar. Da ya iso kan Hajiya na zuba mata ido, ta karɓa ta sha, ba ta ɗago kai ba. Aka koma kiɗa, taubashiyata ta taso daga wurin takalma ta ture ni ta zauna a wurina, wai baiwa ba ta zama tsakiyar tabarma.

Bayan biki Monita ta kira ni, abin da ba ta saba ba, ta ce to yanzu yaya za ta gyara dokar? Na ce ta naɗa ni adimin ta biyu. Ta ce Allah shi kiyaye, gara ta rufe guruf ɗin. A ƙarshe ta turo murya ta ce taubasai su yi wasansu, wadda ba ta gane ba ta tambaya. Muryar mutumin da ba a san shi ba kuwa, ko da ayoyi ya fara, za ta goge ta, mai labari ta faɗi abin da ta gani da idonta ko ta yi shiru. Nan da nan kowa ta shiga tonon asali tana neman taubashiya. Wata 'yar ajinmu Badakkara da ke aure a Gummi, wadda ba ta taɓa cewa uffan ba, ta fito ta ce tunda haka ne duk Zamfarawan guruf ɗin abokan wasanta ne, kuma ta daɗe tana tara mana. Ta wuni tana sauke mana kaya, Monita na kallo babu yadda za ta yi.

Aka mayar da taubashiyata. Da safe ina dama koko waya ta yi ƙara: "Salamu alaikum jama'a, ban da baiwata. Takwararki tana gaishe ki, yau ma ta shure ƙwarya." Na ajiye ludayi na rama, guruf ya kaure kamar da.

Cikin hayaniyar sai ga Hajiya, ita ma tana son a yi da ita. Ta rubuta, "'Yar Ruga, yau an tatso waya kuwa?" ta jera hotunan dariya. Muna gani waya na nuna taubashiyata tana ɗaukar murya, kowa ta ƙagu. Da ta iso na kunna, na ji ta cikin natsuwa:

"Ina kwana Hajiya. An tashi lafiya? Ya gida, ya yara, ya kasuwa? Madalla. Allah shi bar zumunci."

Babu wadda ta sa ko hoto ɗaya. Monita ta kira ni a gefe tana raɗa, wai wannan wace doka ta karya? Na ce babu ko ɗaya. An daɗe kafin Hajiya ta rubuta, "Lafiya lau."

Har yau kullum safe taubashiyata tana zagina, tana kuma gaishe da Hajiya. Kwanan baya na ji Hajiya ta aika mata da turaren wuta da humra har Bukkuyum. Ta karɓa, ta turo godiya mai tsawo a guruf, cikin ladabi.